Na cire wa fure launi sai ya mutu: ina kuskuren yake?

"Assalamu alaikum Malam. Ina sha'awar ɗaukar hoton furanni kusa-kusa, irin wanda za ka ga jijiyoyin furen da ƙurar da ke tsakiyarsa. Kwanan baya na ɗauki wani jan furen hibiskus a gidanmu. Da launinsa ya yi kyau ƙwarai, amma da na mayar da shi baƙi da fari sai ya koma toka-toka, furen da ganyen suka zama abu ɗaya. Ga shi kuma ɗan wuri kaɗan ne ya fito tar, sauran duk dishi-dishi. Kyamarata ƙarama ce, da lensin 18-55 da ya zo da ita, wani lokaci kuma da waya nake ɗauka. Sai na sayi lensin makaro mai tsada ne, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tambayarka guda ce a rubuce, amma matsaloli biyu ne a cikinta, kuma ba tushensu ɗaya ba. Ta farko, fure da ganye sun narke cikin juna da ka cire launi. Ta biyu, yawancin hoton bai fito tar ba. Sai kuma batun aljihu, wato ko sabon lensi ne maganin. Bari in fara da wannan tunda shi ne mai cin kuɗi. Lensin makaro, wato wanda aka ƙera don ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, ba zai taɓa matsalarka ta farko ba ko kaɗan, ta biyun kuwa ƙara tsananta ta zai yi, domin iya matsawarka kusa da fure iya ƙanƙancewar wurin da ke fitowa tar. Saboda haka ka riƙe kuɗinka tukuna. Ban ga hoton naka ba, a kan bayaninka zan yi magana, amma abin da ka kwatanta na san shi sarai, don na sha dawowa gida da irinsa kafin in gane inda gizo ke saƙar.

Aikin da launi yake yi maka a ɓoye

A hoto mai launi, ja da kore ne suka raba maka fure da ganye, kai ba ka yi komai ba. Ido na ganinsu yana bambanta su, ko da hasken da ke tasowa daga jikinsu daidai yake. To idan aka ce a mayar da hoto baƙi da fari, abu ɗaya ake dubawa a kowane ɗigo: yaya yawan haskensa? Ƙa'idar da manhajoji da yawa ke bi ita ce a ɗauki kusan kashi 30 cikin ɗari daga ja, kashi 59 daga kore, kashi 11 daga shuɗi, saboda idon ɗan Adam ya fi jin kore a matsayin haske. Jan fure, komai zafin jansa, abin da zai samu bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, sai ya sauka a toka mai duhu. Ganyen hibiskus kuma, duk da kore ne ke da kaso mafi tsoka, korensa mai duhu ne, hasken da yake mayarwa kaɗan ne, sai shi ma ya sauka a wannan wurin. Nan suka haɗu. Kyamararka ba ta yi laifi ba, gaskiyar hasken ta nuna maka.

Ni a ɗakin wankin hoto na fara fahimtar wannan, lokacin ina yaron shago a wani situdiyo zamanin fim. Jan ƙwai kawai ake kunnawa a ɗakin, ina ganin hannuna da kwanukan ruwan magani, amma takardar hoto tana kwance a buɗe ba abin da ya same ta. Na tambayi maigidana, ya ce takardar ba ta ganin ja, a wurinta ɗakin duhu ne. Daga ranar na daina ɗauka cewa abin da idona ya gani shi ne abin da hoto zai kama.

Masu fim suna magance matsalarka da filta mai launi da ake ɗaurawa a gaban lensi. Filta tana barin launinta ya wuce, ta tare kishiyarsa. Ja za ta haskaka furenka ya kusa zama fari, ganye ya koma baƙi. Kore za ta yi akasin haka, ganye ya yi haske, fure ya yi duhu kamar karan-miski. Farashin jar filta shi ne tana cinye haske sosai, kusan kashi ɗaya bisa takwas ne kawai ke isa fim. Kai ba ka buƙatar sayen ko ɗaya. Sansar kyamararka, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a madadin fim, tana ɗauke da ƙananan filtoci na ja da kore da shuɗi a kan ɗigoginta, kuma idan ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, duk wannan bayanin yana nan a ajiye. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom akwai sashen haɗa baƙi da fari inda kowane launi ke da nasa maja, wato ɗan madannin da ake ja a allo, ka ja ja sama, ka ja kore ƙasa, kana gani fure na fita daga cikin ganye. Darktable na yin wannan a kwamfuta kuma kyauta ne. A waya, Snapseed na da filtar ja da ruwan lemo da rawaya da kore a cikin sashen baƙi da fari. Abin da ba na so ka yi shi ne rage launi zuwa sifili kawai ka tsaya, don wannan shi ya ba ka tokar da kake kuka da ita.

Akwai tarko a nan da ya kamata ka sani. Idan ka tura ja har ƙarshe, furen zai yi fari fat amma ya koma kamar an yanko shi daga takarda, jijiyoyin da kake nema su ɓace. Dalili kuwa, a jan fure ko'ina ja ne, saboda haka ɓangaren ja ba ya ɗauke da bambanci sosai. Jijiya da tattarar fatar fure sun fi fitowa a ɓangaren kore. Don haka ka tsaya a tsakiya, ko ma ka gwada ɗaya hanyar: bar furen da duhunsa, ka sa farin bango a bayansa. Sau da yawa jan fure ya fi kwarjini yana baƙi. Sannan jan fure a rana yakan ƙone ɓangaren ja tun wajen ɗauka, alhali hoton a allo lafiya lau yake. Idan kyamararka na nuna jadawalin haske na launuka uku, ka duba na ja kada ya manne da bangon dama. In ya manne, rage haske kaɗan ka sake.

Wata dabara da nake amfani da ita kullum: na sa kyamara a RAW, sannan na zaɓi salon hoto mara launi. Allon baya zai riƙa nuna mini baƙi da fari tun ina tsaye a gaban furen, amma fayil ɗin na nan da launinsa don gyara daga baya. Cikin mako biyu idonka zai fara ganin duhu da haske a jikin fure kafin ka ɗaga kyamara.

Haske ne zai maye gurbin launi

Duk abin da na faɗa a sama gyara ne bayan an ɗauka. Asalin maganin yana wurin ɗauka. Tunda ka kori launi, dole wani abu ya karɓi aikinsa na raba wannan da wancan, kuma ba abin da zai karɓa sai haske da inuwa. Ina kyautata zaton hasken da ka ɗauki furenka da shi daga bayanka ya zo, ko daga sama tsakar rana, ko filashar kan kyamara. Hasken da ya bugi fure gaba da gaba yana cike kowane rami da kowace tattara, sai fuskar furen ta zama lebur. Wanda ya zo daga gefe kuwa, yana shafar fatar furen a kwance, kowace jijiya sai ta yi 'yar inuwarta. Ka tuna yadda zanen da ke jikin bangon ƙasa yake tashi idan rana ta shafe shi daga gefe, alhali idan ta buge shi gaba da gaba da ƙyar kake ganinsa. Abu ɗaya ne.

Situdiyon da na fi so don wannan aiki shi ne ƙofar zaure, ko ƙofar kowane ɗaki mai duhu a ciki, lokacin da rana ba ta faɗo kai tsaye cikinta ba. Haske na shigowa ta ɓari guda, mai laushi, cikin ɗakin kuma duhu ne. Na kan yanko fure in sa a kwalba da ruwa, in ajiye a kan kujera taku ɗaya daga bakin ƙofa, in tsaya yadda ƙofar za ta kasance a damata ko hagu, bayan furen kuma ya zama lungun ɗaki mai nisa. Ba sai ka rataya baƙin ƙyalle ba, nisa kaɗai zai mayar da bango baƙi, domin haske na raguwa da sauri yayin da yake shiga ciki. Idan ma za ka sa ƙyallen, nesanta shi da furen kamar kamu biyu ko uku, in ba haka ba saƙarsa za ta fito a hoto. Ɓarin furen da ke kallon cikin ɗaki zai yi duhu da yawa, sai ka riƙe farar takarda a wannan gefen ta mayar masa da ɗan haske. Ka riƙa matso da ita kana ja da baya kana kallon allo. Kada ka cike inuwar duka, ita ce ke ba furen jiki.

Bari in ba ka misali da furen kuɓewa, wanda mutane ke wucewa ta gefensa a gona ba su ko kalle shi ba. Fiffikensa biyar ne, kowanne ya hau gefen na kusa da shi kamar naɗin rawani, launinsu rawaya mai haske kamar man shanu, can ƙasan maƙogwaronsa kuma ja ne mai duhu ƙwarai. Daga tsakiya wata 'yar sanda ta taso, jikinta cike da ƙwayoyin ƙura, kanta kuma da wasu 'yan dunƙulaye masu laushi masu duhu. Wata safiya a ƙarshen damina na ajiye shi a bakin ƙofa, na juya kwalbar a hankali har hasken ya shiga ta bayan fiffike biyu. Nan take suka kama kamar an kunna fitila a cikinsu, jijiyoyi suka fito siri-siri daga gindi zuwa baki, wurin da fiffike ya hau ɗan'uwansa ya yi duhu ninki biyu, maƙogwaron ya zama baƙi wuluk, sandar tsakiya ta tsaya fara a gabansa. Ban taɓa majan launi ko ɗaya ba a wannan hoton. Furen da kansa yana da fari da baƙinsa, haske ya ƙarasa sauran. Sai dai ka yi sammako, domin furen kuɓewa na yini ɗaya ne, da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yanƙwane. Furen yakuwa da na auduga duk danginsa ne, ginin jikinsu kusan iri ɗaya, haka ma hibiskus ɗinka.

Hasken baya, wato wanda ke ratsa fiffike ya iso gare ka, shi ne abin da zan ce ka fara gwadawa da jan furenka. Fatar hibiskus siririya ce, haske na ratsa ta, ganyensa kuma mai kauri ne, ba ya ratsuwa sosai. Ka ga an raba maka su ke nan tun kafin ka buɗe wata manhaja. Ka dai kare bakin lensi da hannu ko kwali kada rana ta faɗa cikinsa kai tsaye ta wanke hoton.

A waje kuma, safiya kafin rana ta yi ƙarfi ita ce lokacinka, ko ranar da hadari ya rufe sama. Hazon hunturu ma yana tausasa rana kamar an shimfiɗa farin mayafi a sama, hasken da ake samu a lokacin yana da daɗin aiki. Matsalarsa ƙura. A hoton kusa kowace ƙwayar ƙura a kan fiffike tana fitowa kamar tsakuwa, kuma a baƙi da fari ta fi fitowa. Ina yawo da ɗan buroshi mai laushi da robar hura iska don haka. Idan rana ta yi tsiri kuma dole ka ɗauka, sa wani ya riƙe maka farin ƙyalle ko farar lema tsakanin rana da fure. Game da fesa ruwa a kan fure don ya yi ɗigo-ɗigo, ni ba na yi. Ɗigon kwalbar fesawa manya ne masu kama da juna, suna jan ido su bar furen. Raɓar asuba ta fi ta nesa ba kusa ba, ita ce ke jeruwa a kan kowane gashin kara.

Ka kula da fari. Idan farin fure ya cika hoto, ma'aunin hasken kyamara zai so ya mayar da shi toka, sai ka ƙara haske. Idan kuma ƙaramin farin fure ne a gaban baƙin bango, ma'aunin zai ruɗu da duhun ya ƙone furen, sai ka rage. Inuwa da ta yi duhu ana iya ɗago ta a RAW, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Wane fure ya dace

Ba kowane fure ke jure a cire masa launi ba, kuma wannan iyaka ce da dabara ba ta tsallake ta. Akwai furen da launinsa ne duk dukiyarsa. Wanda ya dace shi ne mai gini, mai layi da lanƙwasa da maimaici. Mutumin da ya fi kowa nuna wannan shi ne Bajamushe Karl Blossfeldt, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1932. Shi ba ya ma ɗaukar kansa mai hoto. A masana'antar zuba ƙarfe ya fara koyon sana'a, daga baya ya zama malamin zane da sassaƙa a Berlin, kuma don ɗalibansa yake ɗaukar tsirrai, su ga yadda toho da kara da ƙoƙon iri suke da tsari irin na ginshiƙi da ƙofar ƙarfe. Da kyamarar da ya haɗa da hannunsa yake aiki, tana girmama abu har sau talatin, da hasken rana, da bango fili fari ko toka ko baƙi. Yawancin abin da ya ɗauka ciyayin bakin hanya ne. Littafinsa Urformen der Kunst ya fito a 1928, shekaru huɗu kafin rasuwarsa. A Amurka kuma Imogen Cunningham ta ɗauki cikin farin furen magnoliya a 1925, lokacin tana gida da renon 'ya'ya, abin da ke kusa da ita take ɗauka. Ita laushin haske a kan farar fata ta bi, shi kuma ƙashin tsiro. Ka nemi hotunansu a intanet ka zauna da su, za ka ga babu wanda ya dogara da fure mai tsada ko kayan aiki na alfarma.

Mu nan muna da abin da zai ishe ka shekara. Tumfafiya da ke tsirowa a kufai da bakin bola, furenta bai wuce santimita biyu ba, amma fiffikenta biyar masu kauri ne kamar kakin zuma, farare da baki mai shunayya, a tsakiya ga wani kambi mai kusurwa biyar kamar an sassaƙa. Tohonta kafin ya buɗe kamar tulluwar soro yake. Ka yi hattara da farin ruwanta idan za ka yanka, kada ya shiga ido, yana yi wa ido illa, ka wanke hannu kafin ka taɓa fuska ko kyamara. Farin bado da ke kududdufi da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi, ruwan da ke ƙarƙashinsa kuma na ba ka baƙin bango kyauta. Furen duma fari ne mai tattara, da yamma yake buɗewa, karansa cike da gashi da ke kama hasken baya. Furen kuka kuwa da magariba yake buɗewa yana reto kai ƙasa, fiffikensa sun naɗe sama, ƙarƙashinsu dunƙulen zare ɗaruruwa, jemagu ne baƙinsa, washegari ya fara komawa ruwan ƙasa. Shi da tocila na ɗauke shi, wani yaro ya riƙe ta daga gefe da farar leda a bakinta don hasken ya yi laushi.

Dalilin dishi-dishin

Yanzu matsalarka ta biyu. Lensinka na 18-55, idan ka murɗa shi zuwa ƙarshen tsawonsa, milimita 55, ka matsa iya matsawa, yana ba ka girman kusan ɗaya bisa uku na ainihin abu a kan sansa. Faɗin abin da zai shiga hoto kusan santimita bakwai ke nan, wanda ya isa furen kuɓewa ya cika shi. Makaro na ainihi shi ne ɗaya bisa ɗaya, inda abu mai faɗin santimita biyu da 'yan kai zai cika sansa irin taka. To ga lissafin da ke damunka. A ɗaya bisa uku, da ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin lensi, a f/5.6 (iya girman lambar iya tsukewar ƙofar), kaurin wurin da zai fito tar bai kai milimita uku ba. A f/11 ya ɗan haura biyar. A ɗaya bisa ɗaya da f/8 bai kai milimita ɗaya ba. Sandar tsakiyar hibiskus kuwa tana fitowa santimita da yawa daga maƙogwaronsa. Idan ka fuskance shi gaba da gaba, babu lensin da zai ba ka kan sandar da gindin fiffike duka tar a ɗauka ɗaya.

Za ka ce to a tsuke ƙofar zuwa f/22. Kaurin zai ƙaru, amma haske idan ya matsu ta ƙaramar ƙofa yana bazuwa, sai dukkan hoton ya ɗan yi laushi, kuma a kusa abin ya fi tsanani, domin a ɗaya bisa ɗaya f/16 tana aiki ne kamar f/32. Ga kuma ƙurar da ke kan sansa, wadda a tsukakkiyar ƙofa take bayyana ɗigo-ɗigo a farin bango. Ni tsakanin f/8 da f/11 nake zama.

Abin da ya fi tsuke ƙofa amfani shi ne ka canza matsayi. Ka ɗauki hibiskus daga gefe, yadda sandar za ta kwanta daidai da fuskar kyamara, sai ta fito tar daga gindi har kai. Ko ka ja baya, furen ya cika rabin hoto, daga baya ka yanke gefe. Za ka samu kusan ninki biyu na kaurin, kuma ko kashi ɗaya bisa huɗu na hoton kyamarar zamani ya isa allo da madaidaicin wanki. Ko kuma ka karɓi dishi-dishin ka yi aiki da shi: zaɓi abu ɗaya da kake son ido ya sauka a kai, bakin fiffike ko kan sanda, ka sa saitin a nan, sauran ya narke. A baƙi da fari wannan narkewar kyakkyawa ce, tamkar hayaƙi. Abin da ke ɓata hoto shi ne saiti ya sauka inda ba ka nufa ba, kuma kyamara idan ka bar mata zaɓi abin da ya fi kusa za ta kama. Ka mayar da saiti na hannu, ka girmama hoton a allo sau goma, ka daidaita da kanka.

Sannan ka tabbata dishi-dishin ba na motsi ba ne. Wurin da kaurinsa milimita uku ne, numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da kai daga cikinsa. Idan babu maɗauki mai ƙafa uku, ɗan buhu da ka cika da gero ko yashi a kan kujera zai riƙe kyamara daram. Sa lokaci na daƙiƙa biyu don kada latsawarka ta girgiza ta. A waje, iska ce babbar abokiyar gaba, kuma da asuba ta fi kwanciya. Na kan kafa ɗan tsinke a ƙasa in ɗaure karan furen da zare a wurin da ba zai shiga hoto ba. In iskar ta ƙi, ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sansa, ka samu ɗauka mai sauri. Ɗan tsakin da ISO ke kawowa ba ya muni a baƙi da fari kamar yadda yake a launi.

Akwai hanyar tara hotuna, inda za ka ɗauki goma ko talatin, kowanne saitinsa ya ɗan matsa gaba, manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta ɗebo wurin da ya fito tar a kowanne ta haɗa. Tana aiki sosai a cikin ɗaki da furen da ba ya motsi. Ni jefi-jefi nake yi, kuma aikina bai cika wuce ɗaya bisa ɗaya ba, saboda haka idan burinka ƙwayar ƙurar fure guda ta cika hoto, wannan fage ne na masu haɗa kyamara da madubin awon ƙwayoyin cuta, shawarata ba ta kai can ba.

In lokacin sayen kaya ya yi

Ranar da ka ga lensinka ya gaza, misali kana son tumfafiya guda ta cika hoto, fara da zobban tsawaitawa. Bututu ne kawai babu gilashi a ciki, ana sa shi tsakanin kyamara da lensi, yawanci uku ne ake sayarwa tare, na milimita 12 da 20 da 36. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsawon bututu a raba da tsawon lensi shi ne ƙarin girman da za ka samu, wato na 36 a kan 55 zai ƙara maka kusan biyu bisa uku, ka haɗa da abin da lensin ke bayarwa ka kusa ɗaya bisa ɗaya. Ka nemi mai wayoyin haɗi a jiki, in ba haka ba ba za ka iya sarrafa ƙofar haske ba. Ka kuma riƙa sauya su a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, musamman da hunturu. Akwai kuma ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a gaban lensi, irin Raynox DCR-250, mai kyau ne kuma ba sai ka buɗe kyamara ba. Lensin makaro na milimita 90 zuwa 105 fifikonsa shi ne yana ba ka tazara tsakaninka da fure, haske ya samu hanyar shiga, ƙudan zuma ma ba za su gudu ba. Abin so ne, amma bayan ka ƙware a haske.

Waya kuma kada ka raina ta. Ƙanƙantar sansarta na ba ta kaurin saiti fiye da kyamararka. Aibinta biyu: yanayin makaro na sa ka matsa har santimita biyu ko uku, wayar da kanta ta yi wa fure inuwa, sannan tana ƙara wa hoto kaifi na ƙarya da ke sa fiffike ya zama kamar roba. Hasken gefe ko na baya na magance na farko, ɗauka da RAW a yanayin ƙwararru na magance na biyu. Danna kan furen ka riƙe har saiti ya kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan.

Wajen gyara, bayan ka raba launuka, abin da ya rage shi ne abin da maigidana ke yi da tafin hannunsa a ƙarƙashin fitilar wanki: ya tare haske a nan, ya ƙara a can. Ka duhunta ganyen da ke jan ido a lungu, ka ɗan haskaka inda kake son a kalla, a hankali yadda ba wanda zai gane an taɓa. Kada ka cika majan kaifi, yana zana farin layi a gefen fiffike. In za ka wanke a takarda, ka fara da ƙarami, domin injinan wankin launi sukan bar ɗan kore ko ɗan ja a cikin toka, gara ka gani a ƙaramin kafin ka biya kuɗin babba.

Gobe da safe ka yanko wani furen daga wannan hibiskus ɗin da ganye biyu a jikinsa, ka kai shi bakin ƙofa. Ɗauki ɗaya ƙofar tana bayanka, ɗaya tana gefenka, ɗaya tana bayan furen, duka a f/8, kyamara a kan buhu, ba tare da ka taɓa majan launi ba. Ka turo mini ukun tare da wancan na farko, sai mu duba inda ya rage.